Ordinatar Mai Ɗakina

Muna tashar Madawa muna jiran motar Buza ta cika, sai wani mutum rungume da ordinatar, wato kwamfuta, ya hau ba matar da ke kusa da shi labari.

"Hajiya, da hannuna na cire Windows na saka Linux!"

"Madalla, injiniya. To mi ya kawo ta Madawa?"

"Mai gyara na kai ma. Ta goge komi."

"Ita ta goge, ko kai? Mi ke ciki?"

"Memuwar ɗin mai ɗakina, kundin kammala karatunta na jami'a. Shekara biyu tana rubutawa."

"Mai gyaran ya ce mi?"

"Ya ce in yi haƙuri."

"Ita ta sani?"

"Ce mata na yi batir za a sake."

"To Malam, bar motar Buza. Nemi ta Difa, ta fi nisa."