Humrar bikin Najiba

Ina zaune kusa da direba a gaban keke mai ƙafa uku daga unguwar Bolori zuwa Gwange. A baya wata dattijuwa ta ƙura wa wata budurwa ido.

"Ba ke ce mai shafin tsuma turaren humra a Facebook ba?"

"Ni ce, Hajja."

"Madalla! Ke kika rubuta a riƙa buɗe kwalba kullum ta sha iska. Tun bara nake ajiyar ta bikin 'yata Najiba. Ƙamshin ya gudu, saura ruwa. Biki kuma jibi!"

"Amma Hajja, tamu ba ta lalace ba."

"Ke kika haɗa ta?"

"To... ta kakata ce nake ɗauka a hoto. Ita ba ta barin kowa ya buɗe."

"Mai keke, juya! Kai mu gidan kakar."