Sunan da Kakata Ta Ƙi Faɗa

Sallama gare ka mai gabatarwa, daga wani mai sauraronka a Dakoro.

Bara na zauna ina jera asalin gidanmu, uba bayan uba, har na kai ga kakan babana. Shi ya taso daga Gobir kafin zuwan Nasara, ya gina rijiyarmu kusa da Korahane. Mai Rijiya kowa ke ce masa. Kakata kaɗai ta san sunansa na yanka, amma surukinta ne. Na roƙe ta, ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Jikana, bakina ba ya iyawa." Da damina ta rasu.

Yanzu matata ta haifi namiji, ina son in maida sunan. Dattawan Korahane, ku taimake ni kafin ranar suna. Har yau ruwansa muke sha.