Shafi Arba'in na "Kin Ci Abinci?"

A ɗakin jira na ofishin biza, wata dattijuwa ta dubi fayil ɗin da ke cinyar mutumin da ke kusa da ita.

"Ɗana, duk wannan na mutum ɗaya ne?"

"Na matata ne, Mama. Shekara uku tana gida, ni ina nan ƙasar waje. Bizar ziyara wata shida ce, sai ta koma. Ta aure nake nema mata, amma sai na kawo shaidar cewa aurenmu na gaskiya ne. Har saƙonnin waya suke so. Shafi arba'in na buga, babu 'ina son ki' ko ɗaya."

"To me kuke cewa?"

"Ni kullum, 'Kin ci abinci?' Ita kuma, 'Ka sa rigar sanyi?' Wanda ya fassara saƙonnin har dariya ya yi mini. So nake in cire su, in sa ta turo masu daɗi."

Ta karɓi fayil ɗin, ta gyara tabarau.

"Nan kwana biyu ba ka tambaye ta ba."

"Faɗa muka yi."

"Wa ya fara saukowa?"

"Ita. Ta rubuto, 'Tunda ba ka tambaya ba, ban ci ba.'"

"Shi ne za ka cire? Kai, maza! Mai auren ƙarya ina ya ga lokacin wannan?"

Aka kira lambarsa. Ya miƙe, sai kuma ya juyo.

"Mama, wane shafi ne?"

"Sha bakwai. Sa shi a sama."