Agwagwar da Aka Hana Mai Jego

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Allah ya ƙara lafiya.

Daga Ƙanƙara nake rubutowa. Ƙanwata Hassu tana aure a 'Yargoje. Da ta haihu bana ta zubar da jini sosai, har tafin hannunta ya yi fari. Malamin asibiti ya ce a ba ta nama da ganye.

Na yanka wasu daga cikin agwagina, na kyafe su a kan garwashi har kitsen ya tsiyaye, na kai da kaina tare da zogale. Na ce a yi mata romo.

Surukarta ta leƙa ƙwaryar, ta ce, "Kai ɗan boko, mai jego da agwagwa? So kake ka jawo mata kuturta?"

Na ce, "Inna, jini take nema."

Ta ce, "Da kunun kanwa na yi jegon mijinta."

Na ajiye ƙwaryar, don ba a musu da babba a gidansa. Kafin la'asar maza sun cinye naman a zaure, har suna yaba gishirinsa. Har yau babu wanda yatsansa ya guntule. Hassu kuwa ba ta iya ɗaga tulu, nononta ya ƙafe, jaririn sai kuka.

Ina gaishe da abokaina na Faskari da Sabuwa. Mijin Hassu yakan saurari shirin nan na rediyo a ƙofar hakimi. Don Allah ku faɗa masa gaskiya, tawa ba ta shiga kunnensa. Agwagwa ɗaya ta rage mini.