Gida Takwas a Waya Guda

A tashar motar Tambuwal, Alhaji Tambaya mai sayar da gero yana jiran motar Dogon Daji ta cika. Kusa da shi wani ma'aikacin tarho ya rungume akwatin ƙarfe, ya hana a ɗora shi saman mota.

"Samari, mi ke cikin akwatin ga?"

"Na'urar tarho ce, Alhaji. Wayar tagulla guda ce ta shiga unguwar kasuwar Dogon Daji, ga gida takwas na son layi. Wannan za ta ɗora su duka a kanta."

"Ni ma na rubuta suna. Da su wa za a haɗa ni?"

Ma'aikacin ya karanto sunayen daga takarda. Da ya zo kan Dawuda Ɗangiwa, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Cire ni. Ƙanena ne. Shekara bakwai ba mu gaisa ba, tun rabon gonar Sanyinna. Ko sahun salla ba mu haɗawa, balle waya."

"Ai ba za ku haɗu ba. Kamar buhunan gero ne a mota guda, kowane da alamar mai shi."

"Buhu yakan yi yoyo."

"Wannan ba ta yoyo."

"Ko ranar da ruwa ya jiƙa wayar? Ko in yana tari? An ce tari ya matsa mai bana."

"Ko numfashinsa ba za ka ji ba, Alhaji."

Alhaji ya dubi akwatin.

"To, in haka ne," ya ce, "mi amfaninta?"