Muryar Baba a Cikin Durowa

A rumfar gyaran kwamfuta da ke bakin tashar Birnin Kudu, Malam Dogara ya kasa zama, sai waiwayen motar Gwaram yake yi, don ta kusa cika.

"Ga laftof ɗinka, Malam," in ji mai gyara. "Na cire tsohon diski, na sa mata sabo mai sauri, SSD. Kafin ka ce bismilla ta tashi."

"Ta tashi kam. To ina muryar Baba?"

"Wane Baba kuma?"

"Mahaifina. Kafin ya rasu na ɗauki maganarsa yana faɗin iyakar gonarmu ta Dingaya. Gobe da safe za mu zauna da 'yan'uwa gaban mai unguwa."

"Ai sauri ka ce kana so, ba ka ce a kwaso kaya ba. Tana cikin tsohon."

"Ba ni tsohon."

Mai gyara ya jawo durowa. Diski ya fi ashirin, kamarsu ɗaya, ba wanda aka rubuta wa suna.

"Gwaram saura mutum ɗaya!" ɗan kamasho ya ƙwala.

Malam Dogara ya dubi motar, sannan ya cire hula, ya jawo benci.

"Fara da na sama. Baba ba ya magana sai ya yi tari. Ina ji zan gane shi."