Lambar da Likita Ya Rubuta

A layin biyan kuɗi na asibiti, wata mai ɗinki ta juya ga dattijuwar da ke bayanta.

"Mama, wai likita zai yarda ya canza lambar ciwon da ya rubuta a takarda? Masu inshora sun ce wannan ta bugun zuciyar da ƙwayar hana barci ke jawowa ce, ba sa biya."

"Wa ke fama, 'yata?"

"Ƙanwata. Ɗinki ya yi yawa, ga yara, shi ne na fara sha..." Kunya ta rufe ta, ganin ta tona kanta.

Dattijuwar ta yi kamar ba ta ji ba.

"Ɗana direba ne, shi ma lambar da aka ba shi ke nan. Na roƙi likita ya mayar da ita hawan jini, ya ƙi. Har na daina gaishe shi."

"Yanzu fa?"

"Da lambar aka tura shi wurin masu taimaka wa mutum ya daina shan ƙwaya. Yanzu barci yake kamar jariri, ya yi tumbi har sitiyari na dungurinsa."

Mai ɗinkin ta yi dariya, idonta ya cika da ƙwalla.

"Ina ne wurin, Mama?"

"Bene na sama. Mu gama layin nan, ni zan raka ki."